FILIN MANOMA: Kyanwar Rumbu da Muzurun Bayan Gari

Kowace shekara in kaka ta yi, wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Wudil ta shiga Gaya, ko ya ratsa ƙauyukan Ajingi kamar su Balare da Toranke da Gafasa, zai ga abin da zai faranta masa rai. Ga dammunan gero da na dawa an jingine a gindin rumbuna, ga gyaɗa an baza tana shan rana, ga mata suna casar wake. Manomi ya yi wata biyar yana fama, ya sayi taki da tsada, ya biya 'yan ƙwadago, ya fid da zakka, yana tsammani abin da ya saura nasa ne da iyalinsa. Ashe yana da abokin tarayya wanda bai yi shuka ba, bai yi firi ba, bai yi maimai ba, amma shi zai riga kowa ɗanɗana sabon hatsi. Ɓera ke nan.

Tun kaka da kakanni ba a san wani dogari da ya fi kyanwa iya tsaron rumbu ba. Amma abin mamaki, duk cikin dabbobin gida babu wadda a ke yi wa riƙon sakainar kashi kamarta. In an tambayi manomi yawan awakinsa zai faɗa nan take, har da wadda ke da ciki da watan da za ta haihu. In an tambaye shi kyanwa nawa ke kwana a gidansa, sai ya yi dariya ya ce wa ke ƙirga kyanwa? To, a nan ɓarnar ta ke. Kyanwa dabbar gona ce kamar sa da akuya, kuma duk dabbar da aka bari tana haihuwa ba tsari, amfaninta ya kan juye ya zama hasara. Maganar wannan mako guda ɗaya ce: gida ya riƙe kyanwa ɗaya ko biyu, a ciyar da su, a kai su wurin likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa, a bar al'adar nan ta zuba 'ya'yansu a buhu a kai bayan gari a yar.

AIKIN DA TA KE YI

Masana sun nuna cewa kyanwar gida jikar kyanwar daji ce, irin wadda har yanzu a ke samu a dazuzzukan Afirka, kuma hatsi ne ya haɗa ta da mutane. Da mutane suka fara noma suna tara abinci, ɓeraye suka taru, ita kuwa ta biyo ɓeraye. Mutanen Masar na dauri sun riƙe ta a gidajensu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Akawuna ma za su so su ji cewa a 1868 Gidan Waya na Landan ya ɗauki kyanwoyi uku aiki, aka yanka musu sule ɗaya a mako na abinci, don ɓeraye sun addabi takardun aika kuɗi. Watau hukuma da kanta ta sa kyanwa cikin lissafinta, don ta ga abin da ta ke tsarewa ya fi abin da ta ke ci.

Ɓarnar ɓera ba ga abin da ya ci kaɗai ta tsaya ba. Ya kan ci kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa kowace rana, amma abin da ya ke ɓatawa da fitsari da kashi da gashi ya fi wanda ya shiga cikinsa. Ya huda buhun gero, hatsi ya zube. Ya huda buhun wake irin mai leda biyu a ciki, wanda a ke kira PICS, iska ta shiga, ƙwari su farfaɗo, wake ya koma gari. Ɗan kasuwar da ya sayi gyaɗa da kaka ya ajiye a sito don ya sayar da bazara, ya san zafin buɗe ƙofa ya tarar da ɓawo.

Sa'an nan ga cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, wani irin ɓera ne mai yawan nonuwa ke ɗauke da shi, yana kuwa zama a gonaki da cikin gidaje. Macen tana yin ciki na mako uku da 'yan kwanaki, ta kan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. Cutar tana shiga mutum ta abincin da fitsarin ɓeran ko kashinsa ya taɓa, ta fi kuwa yawa da rani. A farkon 2020 ta kashe mutane a Kano, har da likitoci.

Wani zai ce ai ga shinkafar ɓera a kasuwa, me za a yi da kyanwa? Amma guba ba ta da ido. Kaza ta tsattsaga ta mutu, yaro mai rarrafe ya ɗauka ya kai baki, mujiyar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma ta bi shi, alhali mujiya tana cikin manyan masu rage ɓera a gona. Kuma guba sai an yi ta saya. Kyanwa kuwa in an riƙe ta da kyau ta kan yi shekara goma ko fiye tana aiki.

INDA ABIN KE ƁACI

Kyanwa mace tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata huɗu zuwa shida. Cikinta mako tara ne, watau kwana 63 zuwa 65. Ta kan haifi uku zuwa biyar, tana kuma iya komawa wa muzuru tun ba ta gama yaye waɗannan ba. Haihuwa biyu ko uku a shekara ba abin mamaki ba ne gare ta.

A yi lissafi irin na 'yan makaranta. A ce kyanwa ɗaya tana haihuwa sau biyu a shekara, huɗu-huɗu, rabi maza rabi mata. Shekarar farko gida ya tashi daga ɗaya ya koma tara. Shekara ta biyu mata biyar ke haihuwa, kowace takwas, arba'in ke nan. A haɗa da taran farko, 49. Babu gidan da ke Kademi ko Shagogo da zai iya ciyar da kyanwa 49, babu kuma gidan da ke da ɓerayen da za su ishe su. Gaskiya ne ba dukansu ke rayuwa ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya nuna cewa cikin 'ya'yan kyanwoyin da ke yawo sakaka, uku cikin huɗu su kan mutu ko su ɓace kafin su cika wata shida. Sai dai wannan ba abin kwantar da hankali ba ne, don yunwa ce da ciwon ido da tsutsar ciki da karnuka ke yin aikin ragewar, bayan doguwar wahala.

Abin da aka saba shi ne, in kyanwa ta haihu a ƙarƙashin gado ko a cikin rufewa, aka gaji da kukansu, sai maigida ya kira yaro ya ce ya zuba su a buhu ya kai bayan kasuwa ko bakin kududdufi. Yana ɗauka ya rabu da su ke nan. Waɗanda ba su buɗe ido ba su mutu a ranar ko washegari. Wanda ya yi ƙwari ya tsira, shi ne bayan wata shida zai dawo ta kan katanga da dare, ya zama muzurun da ba shi da gida, bai san rumbun kowa ba. Shi kuwa ba zai wahalar da kansa da jiran ɓera a bakin rami ba, alhali ga 'yan tsaki a akurki, ga 'yan zabi da aka ƙyanƙyashe da damina, ga ɗakin tantabaru.

Wa ke hasara? Yawancin kajin ƙauye na mata ne. Da su a ke sayen sabulu da omo, da su a ke yin gudummawar biki, da su a ke ɗinka wa yara kayan salla. Uwargida ta wayi gari ta ce, "Maigida, muzurun nan ya sake ɗauke mini ɗan tsako." Maigida ya fusata ya sa guba a kan kifi ya ajiye a bayan ɗaki. Muzuru mai wayo ya wuce, kyanwar maƙwabci mai kama ɓera ta ci ta mutu. Zumunci ya ɓaci, unguwa ta rasa mai tsaronta, ɓera ya sami sarari. Duk daga buhu ɗaya.

Wanda ke ganin an cika ƙari, ga abin da ya faru a tsibirin Mariyon, can cikin teku kudu da ƙasar Afirka ta Kudu. A 1949 ma'aikatan tashar duba yanayi da ke wurin suka kai kyanwoyi biyar don ɓeraye sun dame su, ba a kuwa yi wa dukansu aikin hana haihuwa ba. Zuwa 1977 sun kai kimanin 3,400. Suka bar ɓera suka koma kan tsuntsayen teku masu sheƙa a ramuka, suna kashe fiye da 400,000 a shekara. Sai da hukuma ta yi shekara 14 tana yaƙi da su, ta kashe kuɗi masu yawa, kafin a ga bayansu a 1991. Ɓerayen da aka kai su dominsu kuwa suna nan.

MANOMI YA RIGA YA SAN WANNAN ILMI

Fiɗiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kowa ya san bambancin bunsuru da taure: bunsuru wari da yawo da faɗa da shiga gonar mutane, taure kuwa ya zauna ya yi ƙiba, namansa ba wari, kuɗinsa ya fi. Tun kafin Yaƙin Hitila, da Ma'aikatar Gona ta fara koya wa mutane noman shanu, aka san cewa san da aka fiɗiye ya fi ladabi a ƙarƙashin karkiya. Wanda ya je kasuwar shanu ta Wudil ran Juma'a zai ga dillalai suna duba wannan kafin su yi ciniki. Makiyayi mai hankali ya kan zaɓi bijimi ɗaya nagari ya bari don iri, sauran ya fiɗiye su. Bai yi haka don mugunta ba, sai don ya san garken da kowane namiji ke barbara ba ya gyaruwa.

Malaman dabbobi sun daɗe da kawo wani ƙarfe mai kama da awartaki, ana ce da shi Burdizzo, sunan likitan dabbobi ɗan Italiya da ya ƙago shi. Yana matse jijiyar da ke kai jini ga maraina ba tare da an yanka fata ba, sai maraina su shanye a hankali. Wannan ya fi dandaƙa irin ta da, wadda a ke yi da guduma, sauƙi ga dabba nesa ba kusa ba.

To, amma a lura da kyau. Hikimar ɗaya ce, aikin ba ɗaya ba ne. Burdizzo na sa ne da rago da bunsuru. Marainan muzuru ƙanana ne, suna manne da jiki ƙarƙashin wutsiya, dab da hanyar fitsari. Wanda ya ce zai matse su da ƙarfe, ko ya ɗaure da roba, ko ya tura muzuru cikin buhu ya sa reza, ya azabtar da dabba, kuma da wuya ta tsira daga zubar jini ko ruɓewar rauni. Wannan ba aikin wanzami ba ne, ba na mahauci ba. Na mace kuwa ba a ma maganarsa, don sai an buɗe ciki.

YADDA LIKITA KE YI

Lokacin da ya fi kyau shi ne kyanwa tana da wata huɗu zuwa shida, kafin ta fara neman muzuru, ko da ya ke babba ma ana yi mata. Likita zai faɗi awoyin da za a hana ta abinci kafin a kawo ta, don kada ta yi amai tana cikin barci. A kawo ta cikin kwando mai murfi ko kwali mai huda, kada a rungumo ta a hannu a kan babur. Zai duba lafiyarta, ya yi mata allurar barci, ba za ta ji komai ba.

Na namiji aikin 'yan mintoci ne. A tsaga fata kaɗan, a ɗaure jijiya, a cire maraina, yawanci ko ɗinki ba a yi. Kwana biyu ko uku ya warware. Sai dai ya kan iya yi wa mace ciki har 'yan makonni bayan aikin, sabo da haka a lura. Na mace ya fi girma: a buɗe ciki kaɗan, a cire ƙwayayen haihuwa da mahaifa, a ɗinke. Tana bukatar kimanin kwana goma a ɗaki mai tsabta, a hana ta tsalle da lasar wurin. Macen da aka yi wa tun tana ƙarama ta tsira daga ruɓewar mahaifa, kuma da wuya dajin nono ya kama ta.

Abu uku ne a ke roƙon masu kyanwa su kiyaye. Na ɗaya, kada a shafa wa raunin toka ko baƙin mai ko kashin shanu. Na biyu, kada a ba kyanwa farasitamol don a rage mata zafi. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Na uku, kada a yi mata allurar tazarar haihuwa irin ta mata. Irin waɗannan magunguna suna jawo wa kyanwa ruɓewar mahaifa da ƙari a nono.

Tun da an riga an je, sai a roƙi likita ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma sa wa mutum ta cizo ko yakushi. Ana fara wannan allura tun dabba tana da wata uku. Wanda kyanwar da ba a sani ba ta ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga abin da zai faru.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Suka ta farko ita ce kyanwar da aka yi wa aiki za ta yi ƙiba ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Wannan zato ne. Farauta a jinin kyanwa ta ke, ga shi 'ya'yanta suna koyon kamu da wasa tun ba su balaga ba. Abin da fiɗiya ke ragewa shi ne yawon neman mace, da faɗa, da kukan dare, da fitsarin nan mai ƙarni da muzuru ke fesa wa bango da buhuna. Muzurun da ya tafi unguwa ta uku neman mace ya kwana huɗu, wa ya bar wa sito? Ya dawo da kunne a yage da ƙurji a wuya, ya yi mako yana jinya. Macen da ke da ciki ko goyo rabin shekara, ita ma ƙarfinta ya tafi can. Wadda aka yi wa aiki ita ke kwana a bakin rumbu kullum. Ƙiba kuwa daga yawan abinci ta ke zuwa, sai a rage mata kaɗan.

Haka nan maganar cewa sai an bar kyanwa da yunwa ta ke kamu, kuskure ne. Mai yunwa gidan maƙwabta ta ke tafiya, ko ta faɗa wa 'yan tsaki. A ba ta kan kifi da tarkacen nama daga wurin mahauta da ruwa mai kyau, don ita maciyiyar nama ce, ɗumamen tuwo kaɗai ba ya riƙe ta.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta addini: shin wannan ba canza halittar Allah ba ne? Tambaya ce da ta cancanci a girmama ta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan malamai a ko'ina cikin ƙasar Kano, ya halatta fiɗiye tumaki da awaki sabo da gyaran namansu, ya kuma ambaci hani game da dawaki. Watau malamai sun duba amfani da cutarwa a kowace dabba. Game da kyanwa sun saɓa: akwai waɗanda suka ƙi, akwai waɗanda suka yarda. Shaihu Ibn Usaimin na ƙasar Saudiyya, wanda ya rasu a 2001, ya ba da fatawa cewa in kyanwoyi sun yi yawa suna cutarwa, kuma aikin ba zai cuce su ba, babu laifi, don ya fi a kashe su bayan an haife su. Mai shakka ya tambayi malamin garinsu, ya kuma bayyana masa cewa da allurar barci a ke yi. Amma abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin azabtar da ita. Kowa ya ji hadisin matar da aka yi wa azaba sabo da ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta. Wanda ke jin tsoron kai kyanwa wurin likita, amma ba ya jin tsoron ƙulle jarirai biyar a buhu ya jefar a rana, lalle ya sake duba ma'auninsa.

Suka ta uku ita ce kuɗi. Wani zai ce, haba, mutum bai sami kuɗin kai ɗansa asibiti ba, sai kyanwa? Maganarsa tana kan hanya, ba kuwa wanda zai ce a fifita dabba a kan yaro. Amma aikin sau ɗaya a ke yinsa a rayuwar kyanwa. Manomi ya ƙirga 'yan tsaki da 'yan zabin da muzurai suka ɗauke masa a damina biyu, ya ƙirga tiyar hatsin da ɓera ya ɓata, ya gwada da abin da likita zai karɓa. In kuɗin na dabba ɗaya ne, a fara da mace, ko da ya ke nata ya fi tsada. Dalili kuwa, ko an fiɗiye muzurai tara, na goma shi kaɗai ya isa ya yi wa duk matan unguwa ciki.

Suka ta huɗu: in kowa ya yi haka, iri ba zai ƙare ba? Ba zai ƙare ba. A yi yadda makiyayi ke yi da bijimi. Unguwa ta bar mace ɗaya ko biyu waɗanda aka shaida da iya kamu, masu bukata su yi magana tun tana da ciki, a bar 'ya'yan wurin uwarsu har wata biyu su koyi sana'a, sa'an nan a raba. Abin da aka nema aka jira, ba a yar da shi a bola.

KYANWA KAƊAI BA ZA TA IYA BA

Kada a ɗora wa kyanwa abin da ya fi ƙarfinta. Ba kowace ke tarar gafiya ba, ba ta kuma iya shiga cikin bangon rumbu. Wani bincike da aka yi a gidajen manoma a ƙasar Suwazilan, wadda yanzu a ke kira Eswatini, aka buga a 2017, ya nuna ɓeraye sun fi gudun gidan da ke da kyanwa da kare tare. Inda kyanwa ce kaɗai bambancin bai yi yawa ba. Darasin shi ne a haɗa dabaru. A ɗora rumbu a kan duwatsu yadda kyanwa za ta iya shiga ƙarƙashinsa. A share ciyawa da tarkace kewaye da shi. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, a bar hanya tsakaninsu. A toshe ramuka, a rufe tukwanen abinci da randa. Ɓeran da kyanwa ta kashe ta bari, kada a ɗauka da hannu, kada a bar yara su yi wasa da shi. A kwashe da shebur a binne.

ABIN DA YA RAGE WA HUKUMA DA SHUGABANNI

Babbar wahalar mutumin Gaya ko Ajingi ita ce nisa. Ƙasar nan ba ta rasa masana ba: tun 1924 a ke aikin lafiyar dabbobi a Vom, tun 1964 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke da sashen koyar da likitocin dabbobi, a birnin Kano kuma ga asibitin dabbobi na Gwale. Amma daga Gaya zuwa Kano kimanin mil 40 ne, daga Kunkurawa ko Gurduba ya fi haka, ba kuwa kowa zai biya kuɗin mota don kyanwa ba.

Maganin wannan ba mai wuya ba ne. Ofishin shiyya na Hukumar Bunƙasa Noma ta Jihar Kano, watau KNARDA, yana Gaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen noma. In sun haɗa kai da Ma'aikatar Gona, ana iya sa rana, ko sau biyu a shekara, likita ya zo da kayan aikinsa, a yi shela tun da wuri, masu kyanwa su kawo, a yi aiki da allurar rigakafi gaba ɗaya, kuɗin ya yi sauƙi sabo da yawa. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare, ta faɗo daidai bakin kaka, lokacin da a ke shirin cika rumbuna. 'Yan kasuwar hatsi, waɗanda su ne suka fi kowa cin moriyar kyanwa, ya kamata ƙungiyoyinsu su fara sa hannu a aljihu.

Tun 2024 Masarautar Gaya ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne a ke ji in sun yi magana, kamar yadda aka ji su wajen allurar shanu tun zamanin En'e. In mai unguwa ya ce daga yau ba a zubar da 'ya'yan kyanwa a bayan kasuwa, wanda ya rasa yadda zai yi da su ya kawo a nemi mai so, rabin aikin ya ƙare.

Kafin wannan rana ta zo, manomi ya fara da abin da ke hannunsa. Ya ƙirga kyanwoyin gidansa kamar yadda ya ke ƙirga awaki, ya san mace ya san namiji, ya tambayi malamin dabbobi na yankinsu inda a ke yin aikin da abin da a ke biya, ya ware kuɗin daga cikin gyaɗar bana tun ba ta ƙare ba.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya tsare abin da aka tara.